Atunin Da Ya Ƙi Jin Magani: Darasi A Kan Gyambon Babban Hanji

Mai karatu, a garuruwanmu na bakin iyaka, daga Illela da Birnin Konni zuwa Jibiya da Maraɗi, har Maigatari da Dungas, idan mutum ya ga jini da majina a bayan gidansa ba ya neman mai faɗa masa sunan ciwon. Atuni ne, in ji shi. In kuwa ya manyanta, sai ya ce basir ne ya motsa. Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce, domin gurɓataccen ruwa da ƙudaje da ƙarancin masai sun sa atuni ya zama ɗan gida a wurinmu, musamman da damina. Sai dai atunin da ƙwayar cuta ta kawo yana da wa'adi. Idan aka sha maganin da ya dace da shi, cikin kwana biyu ko uku ake ganin sauƙi, kafin mako ɗaya ko biyu ya kama gabansa.

Akwai wani ciwo da ke shigowa cikin rigar atuni alhali ba shi ba ne. Yakan ɗauki makonni, ya lafa, ya dawo, ya sake lafawa, mai shi yana ta shan Flagyl kwali bayan kwali, yana ramewa, jininsa yana ƙarewa. Kama da wane ba ta wane. Wannan ciwo shi ne kumburi da gyambon babban hanji. A takardun asibitocin Najeriya da Ghana za ka ga an rubuta shi ulcerative colitis, ko a taƙaice UC. A Nijar da Chadi da galibin Kamaru kuwa rectocolite hémorragique ake rubutawa, a taƙaice RCH. Ciwo ɗaya ne mai suna biyu, kuma ya kamata duk mai ƙetara iyaka neman magani ya san su duka. Kada kuma a haɗa shi da olsa, wadda gyambo ce a tumbi ko farkon ƙaramin hanji. Wurinsu daban, maganinsu daban.

Abin da ke faruwa a cikin hanji

Babban hanji shi ne zangon ƙarshe na hanyar abinci, tsawonsa kimanin mita 1.5. Aikinsa ya tsotse ruwan da ya rage a cikin abin da aka ci, ya daskarar da shi, ya ajiye har lokacin fita. Cikinsa lulluɓe yake da wata lallausar fata irin ta cikin kunci. A wannan ciwo, garkuwar jikin mutum, wadda aikinta yaƙi da baƙin ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta far wa wannan fata. Sai ta kumbura, ta yi ja, ta riƙa tsattsafar jini da an ɗan taɓa ta, ƙananan gyambuna su ɓarke a kanta. Hanjin da ke cikin wannan hali ba ya iya tsotse ruwa, ba ya kuma iya riƙe abin da ya zo masa. Daga nan zawo da jini da majina suke fitowa.

Ciwon yana da ɗabi'a guda da ake gane shi da ita: kusan kullum daga dubura yake farawa, ya yi sama a jere ba tare da tsallake wani wuri ba. A jikin wasu dubura kaɗai yake tsayawa. A wasu ya hau ya cinye ɓangaren hagu na hanjin, a wasu kuma ya game shi baki ɗaya. Nisan da ya kai shi ke nuna irin maganin da za a zaɓa da hanyar da za a ba da shi, don haka idan likita ya faɗa maka inda naka ya tsaya, ka sa a rubuta maka.

Masana sun gano cewa gado yana da hannu a ciki, haka ma irin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowa, da yanayin rayuwa, amma babu abu guda da za a nuna a ce shi ne sanadi. Ba yaji ne ya kawo shi ba, ba maiƙo ba, ba zaƙi ba. Ba sammu ba ne, ba kuma a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko ta auratayya. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 30, wato a lokacin da mutum yake ganiyar neman na kansa, ko mace take tsakiyar haihuwa, sannan akwai wasu da yakan same su bayan sun haura 50. Maza da mata duk yana kama su. Wani likitan Ingila mai suna Samuel Wilks ne ya bayyana shi a 1859 a matsayin ciwo mai zaman kansa da ya bambanta da atuni, kuma an daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa. Yanzu likitocin Afirka da na Asiya suna ƙara ganinsa. A ganina, inda atuni ya yi yawa kuma na'urar duba hanji ta yi ƙaranci, babu mamaki a daɗe ana kiran wannan da sunan wancan.

Alamomin da za ka lura da su

Babbar alama ita ce zawo mai jini da ya wuce mako huɗu zuwa shida, ko wanda ke tafiya yana dawowa. Jinin a cakuɗe yake da bayan gida da majina. Wannan ya bambanta da na basir, wanda yawanci jajawur yake, yana ɗiga bayan an gama, bayan gidan kuma da ƙarfinsa.

Alama ta biyu, wadda masu ciwon suka fi jin kunyar faɗa, ita ce matsuwa. Bayan gida ya taso wa mutum farat ɗaya, ba ya ba shi damar ya kai makewayi, wani lokaci har ya ɓata tufafinsa. Akwai wanda ya daina zuwa sahun gaba a masallaci saboda wannan, akwai ɗan kasuwar da ya daina shiga motar haya, akwai yarinyar da ta bar makaranta. In ba ma'aikacin lafiya ne ya yi tambayar kai tsaye ba, da wuya su furta. To ka furta, domin alama ce ta kumburin dubura, ba sakaci ba ne, kuma tana cikin abubuwan da magani ke gyarawa. Tare da ita akwai yawan yunƙuri: mutum ya tsuguna ya daɗe, ba abin da zai fito sai ɗan jini da majina, ya tashi yana jin bai gama ba.

Ka lura kuma da dare. Zawon da ke tashin mutum daga barci sau biyu ko uku a dare ba na damuwa ba ne, ba na sauyin abinci ba ne, yana nuna hanjin ya kumbura. Sai murɗawar ciki, galibi a ƙasan cibiya ta hagu, wadda kan lafa bayan an zaga. Sai kasala, da rama, da ɗashewar tafin hannu da cikin fatar ido saboda ƙarancin jini. Wanda ciwonsa ya tsaya a dubura kaɗai yana iya zama ba ya zawo sam, har ma cikinsa ya ɗaure, jini da majina kawai yake gani. Irin wannan ne ya fi daɗewa yana shan jiƙon basir.

Ciwon bai tsaya a ciki ba. Yakan taɓa gaɓoɓi, gwiwa ko idon sawu su kumbura, ko ƙugu ya sandare da asuba ya saki in an motsa. Yakan taɓa ido ya yi ja da zafi, hasken rana ya gagare shi, kuma wannan ba ya jiran gobe, domin yana iya lalata gani. Wasu kan sami kurajen baki, ko kulluttai masu zafi a ƙwauri, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. A jikin kaɗan daga cikinsu hanyoyin ɗaci na hanta suna ƙuntata, a ga ƙaiƙayi da shawara. Idan kana da ɗaya daga cikin waɗannan tare da zawon jini, ka faɗe su gaba ɗaya, kada ka kai ido wurin wannan, gwiwa wurin wancan.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne lafawar ciwon da kansa. Yakan yi wata biyu yana ci, sai ya kwanta wata shida ko shekara. Duk abin da mutum ya sha a daidai lokacin kwanciyar, ko saiwa ce ko kafso, shi zai ɗauki yabo. In ciwon ya dawo sai a koma wa abin, a ga bai yi ba, a ce wancan karon an fi samun mai kyau.

Lokacin da ba a kwana a gida

A 1955 wasu likitocin Ingila biyu, Truelove da Witts, suka tsara ma'aunin gane mummunan tashin ciwon, kuma har yau da shi ake aiki. Idan mutum yana zawon jini sau 6 ko fiye a yini, sannan aka haɗa da ɗaya daga cikin waɗannan, wato bugun jijiya ya wuce 90 a minti, ko zafin jiki ya wuce digiri 37.8, ko ƙarfin jini ya gaza giram 10.5, ko gwajin kumburi na ESR ya wuce 30, to wannan sai kwanciya a asibiti. Ƙirga zawo da ƙirga bugun jijiya ba sa bukatar ɗakin gwaji, ana iya yin su a ƙaramin asibitin ƙauye.

Akwai wata alama mai ruɗi da nake son ka riƙe. Mutumin da ke zawo sau goma a yini, sai kwatsam zawon ya tsaya, ciki ya kumbura ya yi tauri, taɓawa ta gagara, zazzaɓi ya hau. 'Yan uwa su yi hamdala cewa zawo ya tsaya. Ba sauƙi ba ne. Hanjin ne ya saki, ya buɗe ya cika da iska, yana dab da fashewa, kuma in ya fashe rai yana cikin haɗari. A nemi mota a wannan sa'ar, a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake.

A asibiti za a sa ruwa, a ƙara jini in da bukata, a ba da allurar hydrocortisone ta jijiya, yawanci miligiram 100 sau huɗu a yini. Za a kuma yi wata allura ta hana daskarewar jini. 'Yan jinya sukan tayar da hankali, su ce yaya za a tsinka jinin wanda ke zubar da jini. Dalili shi ne wannan ciwo yana sa jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu, kuma wannan haɗari ya fi na ƙarin zubar jinin. A rana ta uku likitoci sukan duba ko an samu ci gaba. Kusan biyu cikin uku suna jin wannan magani. Sauran sai a koma ga infliximab ko ciclosporin inda ake da su, ko kuma tiyata.

Yadda ake tabbatar da shi

Ba a gane wannan ciwo da ido, ba a kuma gane shi da hoton sikanin na ciki. Matakin farko shi ne kawar da masu kama da shi, kuma a ƙasashenmu suna da yawa: atunin amiba, atunin shigela, tsargiyar hanji ga masu aiki a fadama da madatsun ruwa, tarin fukan hanji, zawon da ke tare da cutar HIV, da kuma sankarar dubura, musamman ga wanda ya haura 40. Akwai ma wani ɗan'uwansa da ake kira cutar Crohn, wadda ke iya taɓa ko'ina daga baki zuwa dubura, tana tsallake wurare. Saboda haka za a nemi bayan gidanka, wataƙila fiye da sau ɗaya, kuma a kai shi da ɗuminsa, domin amiba ba ta daɗewa da motsi bayan ta fito. Za a ɗebi jini a duba ƙarfinsa, da alamun kumburi, da lafiyar ƙoda da hanta.

Hukunci na ƙarshe yana wurin na'urar leƙa hanji, wadda ake kira kolonoskofi. Siririn bututu ne mai fitila da kyamara a kansa, ana shigar da shi ta dubura bayan an wanke ciki, likita ya ga fatar hanjin da idonsa, ya tsinko ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba a kai ɗakin gwaji. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da manyan asibitocin Yamai. Da tsada, da nisa, da kunya, na sani. Amma ka lissafa abin da shekara biyu ta maganin kemis da na gargajiya ta ci, da ranakun aikin da suka salwanta.

Ga dalilin da ya sa ba a gaggawar fara magani kafin gwaji. Maganin gyambon babban hanji danne garkuwar jiki yake yi. Idan ashe amiba ce, aka ba mutum prednisolone, to an ɗaure mai gadi an buɗe wa ɓarawo ƙofa: amibar za ta yi ta cin hanjin har ta huda shi. Haka tarin fuka yake bazuwa. Shi ya sa likita kan fara ba da maganin amiba cikakke ko da gwaji bai nuna ta ba, wani lokaci har da na tsutsar ciki. Wannan karo ɗaya ne, bisa tsari. Ba shi ne shan Flagyl duk wata ba.

Magani

Zan rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin ka iya gane su. Awon da zan ambata kuwa na sani ne kawai, likita ne mai yanka wa kowa nasa.

Maganin yana da aiki biyu: kashe wutar in ta tashi, da hana ta sake tashi. Ginshiƙinsa shi ne mesalazine, wanda ke kwantar da kumburi a daidai inda ya taɓa fatar hanjin. Ana shan giram 2 zuwa 4 ko ɗan fiye a yini lokacin tashin ciwo, a rage in ya lafa, kuma ana iya shan na yini duka a lokaci ɗaya. Ga wanda ciwonsa ke dubura, wanda ya fi aiki shi ne na matsi, giram 1 da dare, domin kai tsaye yake sauka a kan gyambon. Mutanenmu da yawa suna karɓarsa su jefa ƙarƙashin katifa. Wannan kunya asara ce, don kuwa na matsin ya fi na sha saurin tsayar da jini da matsuwa a irin wannan hali, in an haɗa biyun kuma sai su fi ƙarfi. A sa shi bayan an zaga, a kwanta ta gefen hagu. Zafinmu na bazara yana narkar da shi, sai a ajiye shi a wuri mai sanyi, ko a cikin leda a gindin randa. Mai shan mesalazine yana bukatar gwajin ƙoda kafin ya fara, da bayan wata uku, sannan shekara-shekara.

Inda mesalazine ya yi tsada ko ya yi wuyar samu, akwai yayansa sulfasalazine, wanda wata likitar Suwidin, Nanna Svartz, ta samar wajen 1940. Yana aiki sosai, ya kuma fi araha, har yana taimaka wa ciwon gaɓoɓi. Sai dai a san halinsa. Yana rina fitsari ya koma ruwan lemo, wannan ba komai ba ne. Yana iya kawo ciwon kai da tashin zuciya, shi ya sa ake farawa da kaɗan, a sha bayan abinci. Yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji muddin ana shansa, su dawo daidai wata biyu zuwa uku bayan an daina, don haka magidancin da ke neman haihuwa ya faɗa wa likita tun farko. Ana haɗa shi da folic acid. Wanda maganin sulfa irin su Septrin ko Fansidar ya taɓa yi wa ƙuraje ko saɓar fata kada ya kusance shi. Akwai kuma wani rauni na gado a jajayen ƙwayoyin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Mai shi in ya sha sulfasalazine jininsa na iya fashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi kamar shayi mai kauri. Wanda ya ga haka ya tsayar da maganin, ya zo a ranar.

In ciwon ya fi ƙarfin waɗannan, sai prednisolone. Yawanci ana farawa da miligiram 40 a yini, a riƙa rage 5 duk mako har ya ƙare cikin kimanin mako takwas. A nan ne na fi ganin ɓarna. Maganin yana da saurin aiki, yana da araha, yana kan kowane tebur a kasuwa, ga shi yana buɗe ciki ya ciko da kumatu. Sai mai ciwo ya ce ya samu abin da yake nema, ya daina zuwa asibiti, ya ci gaba da saye da kansa. Danginsa ne dexamethasone da ake sayar wa 'yan mata da sunan sha-ka-fashe. Wanda ya daɗe a kansa zai gamu da ciwon suga, da hawan jini, da zaizayar ƙashi, da yanar ido, da saurin kamuwa da cututtuka, kuma duk da haka ba ya hana ciwon dawowa. Mai kashe gobara ne, ba a mai da shi ɗan haya. Kada kuma a yanke shi rana ɗaya bayan an yi makonni ana sha, domin jiki ya rage yin nasa irin, yankewar na iya sumar da mutum. Duk zazzaɓin da ya zo wa mai shansa a yi gwajin maleriya, kada a yi zato.

Wanda ciwonsa ke tashi da zarar an rage prednisolone, ko ya bukace shi sau biyu a shekara ɗaya, akan ɗora shi a kan azathioprine. Yana ɗaukar kusan wata uku kafin a ga amfaninsa, yana kuma bukatar gwajin jini a kai a kai, da farko kusa-kusa, daga baya duk wata uku. Sama da shi akwai allurai masu tsada irin su infliximab da adalimumab. Kafin a fara kowanne daga cikinsu dole a bincika tarin fuka, da ciwon hanta nau'in B, da HIV, don suna iya tayar da ciwon da ke kwance.

Tiyata ita ce cire babban hanjin. Ana yin ta in rai ya shiga haɗari, ko magani ya gaza, ko an ga alamun sankara. Da farko akan fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki, a manna jaka, daga baya a wasu lokuta a yi wa mutum wata ma'ajiya daga ƙaramin hanjin a haɗa ta da dubura. Mutane suna tsoron jakar fiye da ciwon, musamman saboda tsarki da salla. Malamai suna da hukuncin mai lalura, a tambaye su. Masu jaka suna noma, suna kasuwanci, suna haihuwa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan darasi shi ne maganin riƙo. Ciwon nan ana danne shi ne, ƙwaya ba ta tumɓuke shi. Ranar da jini ya tsaya, ƙarfi ya dawo, tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya ci gaba da mesalazine ko sulfasalazine alhali yana jin garau yana iya yin shekaru ciwon bai motsa ba. Wanda ya ajiye don ya ji sauƙi ko don kuɗi sun yi kaɗan, sau da yawa kafin shekara ta zagayo ya dawo, kuma kwanciya ɗaya a asibiti tana cinye kuɗin maganin watanni masu yawa. In aljihu ya gaza, ka zo a duba ko za a sauya maka zuwa mai araha, kada ka daina a ɓoye.

Magungunan da za ka guje wa

Diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da haɗe-haɗen ciwon jiki da masu talla ke ƙullawa a leda, suna iya tayar da ciwon. In jiki na ciwo, paracetamol ya wadatar. Loperamide, wanda aka fi sani da Imodium, da tramadol da kodin, suna kashe motsin hanji, kuma a lokacin mummunan tashi su ne kan jawo kumburin nan da ke kai ga fashewa. Yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana share ƙwayoyin kirki na hanji, ya ba wata muguwa mai suna Clostridioides difficile fili, ita kuma ta ƙara wa gyambon wuta. Jiƙon wankin ciki da ake sha don basir shi ma zawo yake ƙarawa a kan zawo.

Ci da sha, azumi da juna biyu

Na sha ganin mai wannan ciwo an hana shi nama, an hana shi ƙwai, an hana shi mai da nono, an bar shi da koko tsararo, alhali jini da tsoka yake asara kullum. Babu abincin da ya kawo ciwon, babu kuma wanda zai warkar da shi. Lokacin tashinsa a ci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, da shinkafa, da dankali, da ƙwai, da kifi, da naman da ya dahu lugub. A ɗan rage yaji da wake da ɗanyen ganye in suna ƙara murɗa, a dawo da su in an samu lafiya. Wanda madara ke ƙara wa zawo ya gwada kindirmo, sau da yawa ciki ya fi karɓarsa. A sha ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ƙarancin jini kuma a yi maganinsa da kansa, kada a jira ya gyaru.

Wanda ciwonsa ke kwance yana iya yin azumi, ya sha maganinsa da sahur ko bayan buɗa baki, na matsi kuma da dare. Wanda ke cikin zawon jini marar lafiya ne, kuma addini ya yi masa rangwame ya rama daga baya.

Ke kuma 'yar'uwa, ciwon nan ba ya hana aure, ba ya hana haihuwa. Abin da aka fi so shi ne ciki ya shiga lokacin da ciwon yake kwance. Kada ki ajiye mesalazine ko sulfasalazine don kin samu juna biyu ko kina shayarwa. Tashin ciwon ne ke jawo haihuwar bakwaini da ƙaramin jariri, ba maganin ba. Mai shan sulfasalazine tana bukatar ƙarin folic acid. Idan kuwa an yi miki allurar infliximab ko adalimumab da ciki, ki faɗa wa ungozoma kafin a yi wa jariri allurar BCG, domin akan jinkirta masa ita.

Ga mai jinya tsakanin ƙasa biyu

Da yawa daga cikinmu an duba su a Kano suna sayen magani a Damagaram, ko an kwantar da su a Maraɗi suna zaune a Katsina. Ma'aikacin da ka tarar a can bai san abin da aka yi maka a nan ba, wataƙila ma ba ya karanta harshen takardarka. Ka sayi ƙaramin littafi, a rubuta maka sunan ciwon da Ingilishi da Faransanci, da shekarar da ya fara, da inda ya kai a hanji, da sakamakon na'ura da na tsokar da aka tsinka, da ranakun da ka sha prednisolone. A rubuta ainihin sunan kowane magani, ba sunan kamfani kaɗai ba, domin ainihin sunan kusan ɗaya ne a harsunan biyu, na kamfani ne ke sauyawa. Azathioprine da ake sayarwa da sunan Imuran a wannan gefe shi ne Imurel a wancan, prednisolone kuma za ka same shi da sunan Solupred. An sha samun wanda ke shan magani ɗaya sau biyu saboda kwalayen sun sha bamban. Ka riƙa ajiye maganin wata guda a gaba, saboda iyaka takan rufe ba sanarwa, kamar yadda muka gani a 2019 da 2023.

Allurar rigakafin shawara, wadda ake neman katinta wajen ƙetara iyaka, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ba a yi wa mai shan azathioprine, ko mai karɓar infliximab, ko wanda ke kan prednisolone mai yawa. In ba a taɓa yi maka ba, a yi ta kafin a fara waɗannan magunguna. In an riga an fara, likita ya rubuta maka takardar uzuri.

Shekarar da ciwon ya fara kuwa tana da nata amfani. Kumburin da ya daɗe yana ƙara haɗarin sankarar hanji, musamman ga wanda ciwonsa ya wuce dubura. Saboda haka idan an cika shekara 8 da fara ganin alamu, a koma a sake leƙa hanjin ko da ana jin lafiya lau, likita kuma zai faɗi tazarar da za a riƙa maimaitawa, daga shekara ɗaya zuwa biyar gwargwadon abin da ya gani. Wanda ciwon ya taɓa masa hanyoyin ɗaci na hanta ba ya jiran shekara takwas ɗin, duk shekara ake duba shi tun daga ranar da aka gano.